Dausayin Djoudj: wa ke riƙe da makullin ruwa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara, ranar 2 ga Fabrairu, wato Ranar Dausayi ta Duniya, daga nan sai a naɗe tabarmarsa sai baɗi. A irin wannan rana kafafen yaɗa labarai kan jero wuraren da hukumomi suka keɓe suka ce an kare su, a faɗi faɗin kowanne da shekarar da aka sa hannu a dokarsa, kamar dai da sa hannun aiki ya ƙare. A ganina dausayi ya bambanta da sauran wuraren da ake karewa, domin abin da ke raya shi daga wajen iyakarsa yake zuwa, wato ruwan da ke tahowa daga nesa a kan lokacinsa, ya kuma janye a kan lokacinsa. Duk wanda ke da iko da wannan ruwa shi ke da iko da dausayin, ko da kuwa bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba. Wurin da tarihinsa ya fi fito da wannan magana fili shi ne gandun tsuntsaye na Djoudj da ke arewacin ƙasar Senegal, kuma a kansa nake son in tsaya.

Kogin Senegal daga tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini yake samun mafi yawan ruwansa. Reshen Bafing ya gangaro daga can ya haɗu da Bakoye a garin Bafoulabé na ƙasar Mali, daga nan kogin ya miƙa arewa maso yamma ya zama iyaka tsakanin Senegal da Muritaniya, har ya kai Tekun Atlantika kusa da birnin Saint-Louis. Kafin ya kai teku yakan ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta da wani tudu na a zo a gani, inda yake rarrabuwa rassa-rassa, ya bar tafkuna da kwaruruwa da fadamu a kowane gefe. A cikin wannan shimfiɗa, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Saint-Louis, Djoudj yake, kuma faɗinsa hekta 16,000 ne. Dubban shekaru da suka wuce teku ce ta rufe wannan ƙasa, shi ya sa har yau akwai gishiri kwance a ƙarƙashin laka, kuma wannan gishiri yana da hannu a duk abin da zai biyo baya.

Kafin a gina madatsun ruwa, ruwa biyu ne ke karɓa-karɓa a wannan yanki. Idan damina ta kankama a Gini, cikowar kogi kan iso nan daga watan Agusta, ta ci gaba da hauhawa har Oktoba, ta cika kwaruruwa da ruwan daɗi, ta wanke gishirin da ya taso saman ƙasa. Daga nan sai ciyawa ta tashi, bado ya rufe tafkuna da farin furensa, kifi ya bar kogi ya shiga fadama ya zuba ƙwai a ruwan da bai da zurfi. Idan rani ya yi nisa kuma kogi ya ƙanƙance, sai teku ta turo ruwan gishiri cikinsa, wani lokaci ya haura fiye da kilomita 200, tafkunan su riƙa ƙafewa, wasu su zama ruwan zartsi, wasu su bushe ƙurmus har ƙasa ta tsattsage ta yi fari fat. Mai kallo daga nesa zai ɗauka watannin cikowa su ne alheri, watannin bushewa kuwa asara ce da ya kamata a yi maganinta. Abin da ya faru daga baya ya nuna bushewar da gishirin su ma aiki suke yi, domin su ke kashe tsirran da ke da halin mamaye wuri, su share fili ga ciyawar shekara mai zuwa. Mutanen yankin sun tsara rayuwarsu a kan wannan juyi: masunta su bi kifi cikin fadama, Fulani da Larabawan Muritaniya su sauko da dabbobinsu bayan ruwa ya janye, mata su tara 'ya'yan bado su yanki ciyawar saƙar tabarma, masu jima kuma su tsinci bagaruwa a bakin rafuka.

Saboda wannan juyi ne Djoudj ya zama wurare da dama a cikin wuri guda. Akwai rassan kogi masu zurfi, irin su Djoudj ɗin kansa da Gorom, waɗanda bagaruwa da wasu itatuwa masu jure gishiri suka yi wa layi a gaɓa, kuma a nan kada da tsari da mesa suke. Akwai babban tafki mai faɗin gaske amma marar zurfi, wanda gishirinsa ke ƙaruwa yayin da yake ƙafewa, har ya dace da tsuntsayen nan masu dogon wuya da ruwan hoda da ke tace laka da bakinsu. Akwai filayen ciyawa da ruwa ke kwanciya a kai bai wuce idon sawu ko gwiwa ba, akwai laka tsirara da ruwa ya bari jiya ko shekaranjiya, sannan akwai busasshen daji a gefe inda gadu da dila da jan biri suke kai da kawowa. Kowane irin tsuntsu da zurfin ruwan da yake so. Zalɓe yana tsayawa cik a inda ruwa ya kai masa gwiwa, kirinjijiya da dinya suna kiwo a cikin ciyawa da bado, gauraka tana taku a gefen fadama, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu siririn baki kuwa laka mai ɗanshi kawai suke nema. Idan ruwan ya tsaya wuri ɗaya a zurfi ɗaya duk shekara, mafi yawan waɗannan wurare sai su ɓace, ko da kuwa ruwan ya fi na da yawa.

An ƙidaya nau'in tsuntsaye kusan 400 a wannan gandu, kuma hukumar UNESCO ta kiyasta tsuntsayen da ke taruwa a cikinsa sun kai miliyan ɗaya da rabi. Dalilin wannan yawa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya dubi taswira. Tsuntsun da ya bar Turai gabanin sanyi, ya bi gaɓar yamma ya ƙetare Sahara, Djoudj na cikin wuraren farko masu ruwan daɗi da zai tarar bayan doguwar tafiya a saman yashi, kuma yakan iso daidai lokacin da cikowar kogi ta gama shimfiɗa masa abinci. Agwagin daji daga Rasha da arewacin Turai, da tsuntsayen bakin ruwa daga makiyayun Holan, suna cin hunturu a nan su koma gida a bazara. Akwai wani ɗan tsuntsun ciyawa da bai kai gwara girma ba, mai nauyin giram 12 ko makamancin haka, wanda ke ƙyanƙyasa a fadamun Belarus da Yukren da Poland, kuma yana cikin tsuntsayen Turai da ake tsoron ƙarewarsu. Masana sun daɗe suna neman inda yake cin hunturu, sai a 2007 aka gano taronsa a filayen ciyawar Djoudj da kewaye. Abin da yake buƙata shi ne gajeriyar ciyawa da ruwa ɗan kaɗan a ƙarƙashinta, wato daidai irin wurin da ke fara salwanta idan tsarin ruwa ya canza.

Wanda ya fi jan hankalin masu ziyara shi ne kwasakwasa. Dubbansu ne ke taruwa a kan wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa daga wajen Nuwamba, su yi ƙwai a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, har ba a ganin ƙasar tsibirin sai fararen jikkuna, ga wari da hayaniya da ke isa jirgin masu kallo tun daga nesa. 'Ya'yan kan fito tsirara, daga baya su yi gashi baƙi-baƙi, su taru gungu-gungu suna jiran iyaye, kowanne ya cusa kansa har wuya cikin maƙogwaron uwarsa ko ubansa ya zaro kifi. Manyan kuma a ƙungiya suke kamu: su jeru su yi rabin da'ira, su kora kifi zuwa inda ruwa ba zurfi, sannan su tsoma bakunansu gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Duk wannan ya rataya ne a kan tsayin ruwan da ke kewaye da tsibirin. Idan ya yi yawa ya ci ƙwai, idan ya janye da wuri kafin 'ya'ya su iya tashi, dila da gadu su taka su shiga, kuma aikin shekara ya tafi a 'yan kwanaki.

Tarihin kare wurin a takarda abin alfahari ne. An yi jinga a gefen kogin ta ɓangaren Senegal a 1964, saboda noman shinkafa, kuma tun daga lokacin ruwa ta ƙofofi yake shiga Djoudj. Gwamnatin Shugaba Léopold Sédar Senghor ta ayyana shi gandun ƙasa a 1971, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar kare dausayi ta duniya a garin Ramsar na Iran, sannan aka faɗaɗa shi a 1975 ya kai girmansa na yanzu. Ya shiga jerin wuraren Ramsar a 1977, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka kafa shi. An tashi mutanen da ke zaune a ciki aka mayar da su bayan iyaka, aka haramta musu su da kiwo da yankan ciyawa a wuraren da kakanninsu suka yi, aka kuma sa masu gadi da kaki da bindiga. Shekaru da dama abin da ke tsakanin ƙauyukan kewaye da jami'an gandu bai wuce kame da tara da ƙwace taru ba. Duk ƙarfin hukuma ya tafi a kan masunci mai kwalekwale da makiyayi mai sanda, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Gizon yana can a teburin masu tsara raya ƙasa, kuma adalci ne a ce suna da hujjarsu. Farin da ya afka wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960, ya kuma dawo da tsanani a 1983 da 1984, ya halaka dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka, kogi ya yi ƙasa har ruwan gishiri ya riƙa lalata gonaki da ruwan sha. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa ƙungiyar raya kogin, wadda aka fi sani da OMVS, Gini kuma ta shiga a 2006. Ƙungiyar ta gina madatsu biyu: Diama, kimanin kilomita 27 daga Saint-Louis, wadda aka kammala a 1986 don ta hana teku haurowa, da Manantali a kan Bafing a Mali, wadda aka kammala a 1988 don ta tara ruwan damina ta riƙa sakinsa da awo. Ba wanda zai musa amfaninsu. Gonakin shinkafa da rake sun samu ruwa rani da damina, tafkin Guiers da ke shayar da Dakar ya samu tabbacin ruwan daɗi, Manantali kuma daga baya ta fara ba ƙasashen uku wutar lantarki. Ƙorafina shi ne an tsara aikin kamar fadamun bakin kogin fili ne da babu kowa kuma babu komai a cikinsa, duk da cewa a 1984, tun ginin Diama bai ƙare ba, UNESCO ta sa Djoudj a jerin wuraren gadon da ke cikin haɗari saboda abin da ake hango madatsar za ta jawo. An cire shi daga jerin a 1988 bayan an gyara ƙofofin ruwansa, aka ɗauka magana ta ƙare.

Djoudj yana sama da Diama, don haka ya wayi gari maƙwabcin wani makeken tafki na ruwan daɗi da ba ya sauka. Gishiri ya daina zuwa, bushewa ta ragu, tsirran da a da rani ke karya lagonsu suka samu sarari. Ta farko ita ce kachala, doguwar ciyawar nan mai kai kamar na gero, wadda kan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka da kuma ta iri mai tashi a iska. Ta cika bakin kogi da rassansa da magudanan gonaki, ta toshe mashayar dabbobi da mashigar jiragen masunta, ta zama mafakar sauro da ta jan baki mai cinye shinkafa. A cikin gandun kuwa ta ci filayen gajeriyar ciyawa da buɗaɗɗen ruwan da agwagi ke sauka a kai. Kainuwa ta biyo baya a farkon shekarun 1990, ta shimfiɗu a kan rassan Djoudj har jirgi ba ya wucewa. A 1999 kuma wata baƙuwar ciyawa mai yawo a kan ruwa, Salvinia, wadda asalinta daga Barazil ne, ta ɓulla a kogin, kuma da yake tana iya ninka kanta cikin 'yan kwanaki, kafin a farga ta yi kauri kamar katifa a bakin ƙofofin gandun, ta hana haske da iska shiga ruwa. A 2000 Djoudj ya sake komawa jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Yadda aka yi da Salvinia ya cancanci a faɗa. Da farko sojoji da jami'an gandu da mutanen ƙauyuka suka shiga ruwa suna kwashe ta da hannu da cebur da raga, aka kuma gitta shinge a bakin ƙofofi don kada ta shiga. Wannan ya rage kaifin abin, amma ciyawar ta fi masu kwasar ta sauri. Abin da ya karya ta a ƙarshe shi ne wani ɗan ƙwaro baƙi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗan asalin ƙasar da ciyawar ta fito, wanda ba ya cin komai sai ita: manyan su cinye tohon, tsutsotsinsu kuma su huda jijiyarta har ta ruɓe ta nutse. An sake shi a kogin, cikin ƙanƙanin lokaci shimfiɗar ta koma ruwan ƙasa ta watse, kuma a 2006 aka sake cire Djoudj daga jerin. Kainuwa ma da irin wannan dabara aka rage ta. Kachala kuwa tana nan daram, domin ita 'yar gida ce, ba ta da wani maƙiyi da za a ɗauko daga wata nahiya, kuma abin da ke hana ta sakat tun asali shi ne rani da gishiri, waɗanda aka kawar da gangan. Ana yankanta, ana ƙona ta, a yankin garin Rosso da ke bakin kogin ma ana sarrafa ta ta zama gawayi, wasu kuma suna gwada ta a gini, amma duk wannan ragewa ce, saiwar tana ƙasa tana jiran damarta.

Mutane ma ba su tsira ba. Ruwan daɗi da ya tsaya cik da ciyawar da ta cika shi sun dace da dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. A 1988, shekara biyu bayan kammala Diama, aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard-Toll, inda a da ba a san ta ba, kuma cikin 'yan shekaru ta kama yawancin mutanen wasu unguwanni da ƙauyuka. Bincike ya nuna wani ɓangare na dalilin: akwai wani babban jatan lande na kogi da ke cin dodon koɗi, wanda dole sai ya sauka ruwan zartsi na bakin teku ya hayayyafa sannan 'ya'yansa su hauro, madatsar kuwa ta datse masa hanya. An yi maganin ƙishirwa an jawo ciwo, kuma waɗanda suka ɗauki ciwon su ne yaran da ke wanka da matan da ke wanki a bakin ruwa.

A ƙetaren kogin, ɓangaren Muritaniya, akasin haka ne ya faru, kuma daga nan ne nake ganin darasin ya fi fitowa. Jingar da aka yi a wancan gefe ta raba fadamun da kogi, cikowa ta daina shiga, rana ta tsotse ɗanshin da ya rage, gishirin ƙasa ya taso, wurin ya zama farin fili da iska ke kwasar ƙura a kai. Bagaruwa ta mutu a tsaye, kifi ya ƙare, maza suka tafi neman aiki Nouakchott. A 1991 gwamnatin Muritaniya ta kafa gandun Diawling a wannan wuri, kuma mutanen yankin sun ƙi shi da farko, domin sun ga abin da aka yi wa maƙwabtansu na Djoudj. Amma an ɗora Diawling a kan wani tsari daban: an rubuta tun farko cewa manufarsa ta haɗa da maido da fadamun da kuma raya sana'o'in mazauna wurin. Da taimakon ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, aka gina ƙofofi da ƙananan jingogi, daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sakin ruwa daga tafkin Diama a kwaikwayi cikowar da, sannan a bar wurin ya bushe da rani.

Wurin da abin ya fi burge ni shi ne yadda aka tsayar da lokacin buɗe ƙofa. Masunta sun nemi a saki ruwa da wuri, domin sun san lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai yana neman hanyar shiga fadama. Mata masu saƙar tabarma suka ce a'a, ciyawarsu ba ta yin tsawon da ake so sai ruwan sama ya fara jiƙa ta ta tsiro, idan cikowa ta riga damina sai ta nutsar da ita. Makiyaya su ma da nasu lissafin. Kowane ɓangare gaskiya ya faɗa, kuma babu injiniyan da ya zo da wannan sani daga makaranta. Aka yi ta zama har aka daidaita: a fara sakin ruwa siriri da zai jiƙa ƙasa kamar ruwan sama, sannan a riƙa ƙara shi sannu a hankali yadda ba zai haura kan ciyawar ba. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta dawo, kifi da jatan lande suka dawo, bagaruwa ta sake tsirowa, tsuntsaye suka sauka, mutanen da suka yi ƙaura wasunsu suka komo. Diawling ya shiga jerin Ramsar a 1994, kuma a 2005 UNESCO ta haɗa shi da Djoudj da sauran wuraren da aka keɓe a bakin kogin suka zama yanki guda da ƙasashen biyu ke kula da shi tare. Diawling shi ma bai kuɓuta daga kachala ba, musamman a ɓangarensa da ke cikin tafkin Diama, inda ba a iya janye ruwa.

Hukumomin Senegal su ma sun sassauto. Daga shekarun 1990 aka fara jawo ƙauyukan kewaye cikin tafiyar da Djoudj, aka ɗauki matasansu aikin sa ido, aka bar musu jigilar baƙi a jirage da masaukin baƙi. An samu sauƙi, kodayake har yanzu shanu na shiga gandun kuma ana kamun kifi a ɓoye, abin da ba mamaki ga mutanen da gonakin shinkafa suka matse ta wannan gefe, iyakar gandu ta matse ta wancan. Gonakin kansu wata damuwa ce, domin sun matso har jikin iyaka, kuma ruwan da ake zubarwa daga cikinsu yana ɗauke da ragowar taki da maganin ƙwari. Ta ɓangaren teku kuma, a watan Oktoba na 2003 hukumomi sun yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a siririn yashin da ya raba kogi da teku kudu da Saint-Louis, don a ceci birnin daga ambaliya. Birnin ya tsira a wannan shekara, amma igiyar ruwa ta yi ta cin gefen hanyar har ta kai faɗin kilomitoci, ta ci ƙauyen Doun Baba Dièye, ta sa gishiri a gonakin Gandiol. A watan Janairu na 2021 kuma an tsinci gawar kwasakwasa kusan 750 a Djoudj, kusan dukkansu ƙanana, gwaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce, aka rufe gandun na wani lokaci. Cuta irin wannan ba laifin madatsa ba ce, sai dai idan wuraren da suka dace da hayayyafa suka taƙaita, tsuntsaye suka cunkushe a tsibiri guda, annoba ɗaya tana iya yin ɓarnar da a da sai an yi shekaru ba a ga irinta ba.

Ba ina kira a rushe Diama ba ne, Edita, domin miliyoyin mutane a kanta suke ci suke sha. Abin da nake cewa shi ne tsayin ruwan da ke bayan madatsar, da ranar buɗe kowace ƙofa da ranar rufe ta, shawara ce da mutane ke yankewa kowace shekara, kuma ana iya yanke ta da fadama a cikin lissafi. Ana iya sauke ruwa na wani lokaci a inda kachala ta fi ƙarfi, ana iya barin kwaruruwan Djoudj su bushe sosai da rani, ana iya nema wa jatan lande da kifi hanyar ƙetare madatsar. Kowanne daga cikin waɗannan yana da tsada, domin manomin rani yana son ruwa ya tsaya sama don kada ya kashe kuɗin mai wajen jawo shi, kuma muryarsa ta fi ta mai saƙar tabarma isa ofis.

Shi ya sa nake roƙon jaridarku, idan za ta sake kawo rahoto a kan wani dausayi da aka ce an kare, a kowace ƙasa yake, wakilinku ya wuce allon da aka kafa a bakin ƙofa da jawabin babban jami'i. Ya tambaya daga ina ruwan wurin yake zuwa, wace madatsa ce a samansa, wace hukuma ce ke riƙe da makullinta, a wane wata aka saki ruwa bara kuma a wane wata ya janye, sannan ko masunta da makiyaya da mata masu yankan ciyawa suna wurin lokacin da aka tsayar da waɗannan ranaku. Na gode da filin da ka ba ni.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku